Gyaran tsohuwar orgar majami'armu a Damagaram

9 Nuwamba 2024

Dattawan majami'a sun amince a buɗe tsohuwar orga, abin kiɗan da ake raka waƙoƙin sujada da shi, kuma ni aka ɗora wa aikin, tunda gyaran keken ɗinki da aikin katako su ne abincina. Zan riƙa rubuta abin da aka yi a nan tare da kwanan wata, domin wanda zai sake buɗe ta bayanmu ya iya rarrabe abin da ta zo da shi daga hannun masu ƙira da abin da muka ƙara mata.

Daminar bana ce ta tada maganar. Ruwan da ya kada tsohon masallacin Birni ranar 3 ga Satumba, ginin da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, bai ƙyale ɗakunan ƙasa na sauran unguwanni ba. Ɗakin da orgar ta daɗe a ajiye, a gidan wani dattijonmu, ya yi yoyo ta kusurwa, ruwa ya kwanta ƙarƙashinta. Babu ɗan Damagaram, Musulmi ko Kirista, da bai ji faɗuwar masallacin nan a ransa ba. Ni dai tun ranar na daina yarda cewa tsohon abu zai zauna ya jira sai mun samu sukuni.

Mun ɗauko ta a amalanke zuwa shagona. Akwati ne na katakon Turai mai nauyi, tsayinsa ya ɗan wuce ƙugu, da madannai 61, farare da baƙaƙe. Sama da madannan akwai majayai 12 da ake ja don zaɓen irin muryar da za ta fita, kowanne da farin kai na tangaran mai rubutun Faransanci. A ƙasa matakai biyu ne da ake takawa a ba ta iska. Shimfiɗar da ke kansu ta cinye har katakon ya yi kwarmin ƙafa. A bisa kuma an kafa jerin bututu masu fentin azurfa, dogo a tsakiya, gajeru a gefe, kuma da su ne duk wanda ya gan ta yana yaro yake tuna ta. In ka taka mataki, ba abin da ke fita sai huci da ƙura. Madannai tara sun nutse ba sa tasowa. Ƙafar baya ta hagu gara ta gama da ita.

16 Nuwamba

Na cire allon baya, kuma abin da na gani zai ɓata wa wasu rai. Bututun nan ba su taɓa yin kuka ba. Babu hanyar iska a ƙarƙashinsu, kowanne an zura shi ne kawai a kan turken katako. Da na zaro ɗaya na haska cikinsa da tocila, sai ga shaida: garwar kalanzir ce aka yanka, aka naɗe, aka like da dalma, har ragowar haruffan da aka buga a jikin garwar suna nan ta ciki. Aikin maƙeran fari ne na garin nan, irin hannun da ke yin mazurari da fitilar aci-balbal.

Ke nan abin da muke da shi ba orga mai bututu ba ce, armoniyom ne da aka ɗora wa bututun ado. Bambancin yana da girma. A orga ta ainihi kowane bututu sarewa ce mai murya ɗaya tak: iska ta shiga ta ƙafarsa, ta bugi leɓen da aka yanka masa, iskar da ke cikinsa ta kama rawa. Tsawonsa ke yanke kaurin muryar, shi ya sa bututun madanni na farko yakan kai ƙafa 8, wajen mita biyu da rabi, kuma kowane jeri sai an yi wa kowane madanni nasa bututun. Ana yin su da gaurayen kuza da dalma, wasu da katako. Armoniyom kuwa ƴan harsunan tagulla ne sirara a cikinsa. Kowanne an ɗaure gindinsa a kan firam mai taga daidai faɗinsa. Iska ta tura shi ya faɗa tagar ya dawo, sau ɗaruruwa a daƙiƙa, daga nan murya ke fita. Wani maƙerin kayan kiɗa a Paris, Alexandre Debain, shi ya yi wa ƙirar rajista da wannan suna a 1842, kuma ba a daɗe ba ta cika ƙananan majami'un ƙauyukan Faransa da ba su da kuɗin orga mai bututu. Ba ya cin wuri, muryarsa ba ta saurin karkacewa, mutum ɗaya ke taka shi yana kaɗawa. Shi ya sa masu bishara suka yi ta yawo da shi har Afirka da Indiya. Duk wanda ya girma da kallon fina-finan Indiya a garin nan ya san muryarsa sarai, don ɗan akwatin da mawaƙansu ke zugawa da hannu ɗaya suna zaune a ƙasa daga wannan ya samo asali. A Kalkata aka mayar da shi na hannu wajen 1875.

Pasto ya biyo da yamma na nuna masa. Ya daɗe yana juya bututun a hannu, sannan ya ce, "To Malam, sai a cire su ke nan?" Na ce, "A'a, Baba Pasto. A duk jikinta babu abin da ya kai su zama namu." Akwatin daga Turai ya zo, amma a nan Zinder, wato Damagaram, wani ya ga hoton babbar orga, ya so wurin sujadarsa ya yi kwarjini irin nata, ya tafi maƙera ya yi bayani har aka gane shi. Za a wanke su, a tada waɗanda suka lotse, a mayar da su inda suke.

30 Nuwamba

Gara ta shiga ta ƙafar baya, ta bi allon ƙasa, ta tsaya a gindin zugazugi. Allah ya rufa asiri ba ta kai allon harsuna ba, wanda shi ne ba za a iya sake yin irinsa a nan ba. Na yanke duk inda ta ci, zan cike da busasshen maɗaci. Ƙarƙashin madannai kuma kusu ya yi gida da tsumma da ɓawon gyaɗa, fitsarinsa ya sa ƴan ƙusoshin da madannan ke hawa da sauka a kansu sun yi tsatsa. Wannan ne dalilin nutsewar tara ɗin nan. Zanzaro ma ya gina a kusurwoyi.

Turawa sun san wannan matsala tun da daɗewa. Likitan nan Albert Schweitzer, wanda gwanin orga ne, da zai tafi Lambarene ta Gabon a 1913 sai aka ba shi piyano mai matakan ƙafa da aka yi wa rufin ƙarfen zinki don gara da laima. Tamu ba a yi mata wannan gata ba, kuma ga shi ta kawo yanzu.

8 Disamba

Jiya da dare aka sake buɗe majami'ar Notre-Dame ta Paris bayan gobarar 15 ga Afrilu 2019, wani yaro ya kawo mini bidiyon a wayarsa. Babbar orgar wurin tana da bututu wajen 8000 da jerin madannai biyar, kuma Aristide Cavaillé-Coll ne ya sake ƙera ta a 1868. Wuta ba ta ci ta ba, amma ƙurar dalma daga rufin da ya narke ta lulluɓe ta. Sai da aka sauke bututun aka wanke su, aka sake fatun tumakin da ke riƙe iska, aka shafe watanni ana daidaita muryoyi da dare lokacin da babu hayaniyar magina. Abin da ya tsaya mini shi ne jerin ayyukan: ƙura, fata, daidaita murya. Ko tsinke bai bambanta da jerin da na rubuta wa tamu ba, girma ne kawai.

Yaron ya ce ai kayan Nasara ne tun asali. Na ce masa ya koma baya kaɗan. A Iskandariyya ta Masar aka fara ƙera orga, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, a hannun wani mai suna Ktesibiyos, kuma da nauyin ruwa ake danne iskarta. A filayen wasanni da fadodi ta yi zamaninta na farko, ba a wurin ibada ba. A 757 sarkin Rumawa na Kustantiniya ya aika wa Pepin, sarkin Faransawan wancan zamani, da guda ɗaya a matsayin tsaraba. A Bagadaza ta ƙarni na 9 ƴan'uwan nan Banu Musa sun rubuta bayanin na'urar da ruwa ke tuƙawa tana busa sarewa da kanta. Sai daga baya orga ta zauna a majami'un Turai, kuma ɗaya daga cikin mafi tsufa da har yau ake kaɗawa tana garin Sion na Suwizalan, an yi ta wajen 1430. Abin da aka yi da katako da fata da ƙarfe, bayan shekara kusan 600 yana nan yana aiki, don kawai an yi ta gyara shi.

21 Disamba

Na je gaida wata tsohuwa da ta fi kowa daɗewa a majami'ar, na tambaye ta labarin orgar. Kafin in rubuta nata, ga abin da jikin kayan ya faɗa da kansa.

Takardar sunan masu ƙira da ke manne a ciki gara ta cinye ta. Amma ƙirar ta Faransa ce. Armoniyom iri biyu ne: na Faransa yana tura iska ta cikin harsuna, na Amurka yana zuƙo ta. Namu turawa yake. Sunayen da ke kan majayai su ne waɗanda maƙeran Paris suka saba jerawa, huɗu a hagu don muryoyin ƙasa, huɗu a dama don na sama: Cor anglais da Flûte, Bourdon da Clarinette, Clairon da Fifre, Basson da Hautbois, sai biyu na ƙara ƙarfi, da Grand jeu mai buɗe duka, da Expression. Madannan kuma ana iya ɗaga su gaba ɗaya a gusa dama ko hagu, yadda mai kiɗa zai ɗaga waƙa ko ya saukar da ita ba tare da ya sauya yatsu ba. Don majami'u ake yin wannan dabara. Fararen madannan ba hauren giwa ba ne, selulod ne, robar farko da ta shigo kasuwa daga shekarun 1870. A kintacena, tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da yaƙin duniya na farko aka ƙera ta.

Wannan yana da muhimmanci, don mutane da yawa sun ɗauka masu bisharar ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda suka sauka Zinder a 1924, su suka kawo ta. Su yawancinsu daga Amurka da Kanada suke, kuma irin wadda ake ninkewa a ɗauka, mai zuƙo iska, ita ce ta ƙasarsu. Tamu ta hannun Faransawa ta biyo. Ba abin mamaki ba ne: Zinder ce babban birnin mulkin mallaka na ƙasar nan daga 1911 zuwa 1926 kafin a mayar Yamai, kuma tun 1912 jirgin ƙasa ke kai kaya daga Ikko zuwa Kano, daga can raƙuma, daga baya motoci, su ƙaraso da su nan.

Labarin Inna, tsohuwar da na je gaidawa, ya zauna daidai a kan wannan. Ta ce, "Ɗana, ina ƴar yarinya aka kawo ta a kamyo, gab da samun mulkin kai. Daga gidan wani Bafaranshe da zai koma gida, matarsa ce ke kaɗawa. Ba ta da waɗannan bututun a lokacin." Wanda ya fara kaɗa ta a majami'a wani akawu ne ɗan Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau. A ƙarshen 1963, da rikici ya tashi tsakanin ƙasashen biyu aka sallami ma'aikata ƴan Dahome daga Nijar, shi ma ya tafi, orgar ta yi shiru. Sai wani tela ya karɓa. Inna ta ce bai san rubutun kiɗa ba, da kunne ya koya, amma ƙafafunsa sun riga sun saba da taka keke, don haka iska ba ta taɓa yanke masa ba. Shi ne ya sa aka yi bututun. Kwarmin da ke kan matakan nan yawancinsa nasa ne. Da aka sayo piyanon lantarki daga Kano, bayan tsufa ya kama shi kuma zugazugin sun fara yoyo, sai aka kai ta ajiya.

Na tambaye ta wace waƙa ya fi so. Ba ta faɗi suna ba, rerawa ta yi, na ɗauka a waya. Da ita zan gwada orgar in ta tashi.

18 Janairu 2025

Shekaranjiya aka cika shekara 10 da ranar 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u a garin nan. Da orgar tana cikin ginin sujada a ranar, da yau ba ni da abin rubutawa. Yoyon zugazugin da ya sa aka jingine ta a gidan dattijo shi ya tsirar da ita. Ban manta ranar ba, kuma ban manta maƙwabtan da suka buɗe wa mutanenmu ƙofofin gidajensu ba. Wasu daga cikin hannuwan da za su gyara wannan kaya hannuwan masu salla biyar ne, kuma sun san abin da ake gyarawa.

Hunturu ya kankama, kuma yanzu na ga babban abokin gaban orgar. An yanka katakonta an busar da shi don ƙasar da iskarta ke da danshi. A nan, a watannin nan, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katako ya tsuke. Damina ta zo ya kumbura. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja, akwatin iska ya tsage a wurare uku. Na haska fitila ta ciki cikin duhu na yi wa duk inda haske ya fito alama da alli. Yanzu ne lokacin cike su, da tsagar take a buɗe iyakar buɗewarta, amma ba da katako mai tauri ba, don in damina ta zo zai tura ya ƙara tsaga. Siririn katako mai taushi zan sa, in rufe bayansa da fata.

8 Fabrairu

Maganar fata ita ce zuciyar aikin. A ƙarƙashin akwatin akwai zugazugi biyu, ɗaya ga kowace ƙafa, suna tura iska cikin na uku, babba, wanda shi ne rumbun iska. Sifirin na danne shi don iskar ta fita daidai ko da ƙafa ta yi jinkiri. Haƙarƙarinsu katako ne da kwali, amma duk gaɓoɓi da kusurwoyi fatar tunkiya ce fara, mai laushi. Tamu ta bushe har tana marmashewa a yatsa. Wani a can baya ya yi ƙoƙarin ceto ta da facin robar tayar keke. Na cire, amma na ajiye guda ɗaya a ambulan a cikin akwatin, don shi ma tarihinta ne.

Wasu sun ce a yi odar fata daga waje. Na ce a bari in fara zuwa majema. Garin da dukawansa suka yi suna tun zamanin Sarki Tanimun, yankin da fatar jar akuyarsa ta daɗe tana ƙetare Sahara har masu ɗinkin littattafai na Turai suna neman ta, bai kamata ya rasa fatar da za ta riƙe iska ba. Na tafi da guntun tsohuwar fatar wurin wani baduku maƙwabcina. Ya murza ta, ya shinshina, ya ce, "Wannan ba jimar bagaruwa ba ce, maƙwabci." Gaskiyarsa, jimar alif da gishiri ce, ita ke ba da farin nan da laushin. Tamu ta bagaruwa ta fi ƙarfi amma ta fi tauri, kuma in an ninke ta sau dubbai a wuri ɗaya dole ta kasance ta sha aiki sosai. Ya ce a bar masa. Ya je wurin majemin da yake hulɗa da shi, suka zaɓi fatun ƴan tumaki marasa tabon kaska ko yankan wuƙa, ba rini, aka shafa musu man gyaɗa kaɗan, aka yi ta murza su ana ja har suka yi laushi.

Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗora fatar a baki ka zuƙa. In iska ta wuce, ba ta yi ba. Fatar akuya ta fi ƙarko, amma ramukan gashinta sun fi buɗewa, don haka ita na ware wa gaɓoɓin da ke ɗaukar nauyi, ta tunkiya kuma kusurwoyi. Aikin da ya fi burge ni shi ne ferar gefe. Dole bakin kowane yanki ya sirance har ya kusa zama takarda don ya kwanta a katako ba tudu, kuma abin da zai ɗauke ni yini baduku ya yi shi muna hira, bai ko dubi wuƙar sosai ba. Jika takwas muka kashe gaba ɗaya, har da ladan majemi.

8 Maris

Azumi ya kama, baduku da safe kawai yake zuwa, kuma hakan ya dace da aikin. Gam ɗin da muke amfani da shi na dafawa ne, wanda ake samu daga fata da ƙashi, irin wanda aka haɗa ta da shi tun farko. Ana jiƙa shi, a narkar a gwangwani cikin ruwan zafi, ba a bari ya tafasa. Na ƙi gam ɗin kanti mai kamawa nan take, duk da ya fi sauƙi. Dalilina ɗaya: na dafawa, ko bayan shekara 100, tsumma mai ɗumi da ruwa zai sake shi ba tare da katako ya ɓare ba. Haka na cire tsohuwar fatar cikin salama. Wurin da aka yi facin roba da gam ɗin kanti kuwa sai da na kankare har da naman katako. Wanda zai zo bayanmu yana da hakkin ya same ta yadda za ta buɗu.

Zugazugi biyu sun gama. Rumbun ma an rufe shi. Na toshe mafitar iska, na cika shi, na sake: da can kafin ka ɗauke ƙafa ya faɗi, yanzu yana sauka a hankali har ka ƙirga ashirin da wani abu.

5 Afrilu

Harsuna. Jeri huɗu ne, kowanne 61, jimla 244, kowanne an ɗaure shi da ƙusa mai murɗi a kan allonsa. Mafi girma ya kai tsawon yatsa har da ɗan nauyi a kansa, mafi ƙanƙanta bai kai farce ba. Tazarar da ke tsakanin harshe da tagarsa ba ta kai kaurin gashi ba, don haka ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta sa shi bebe, kuma rairayi ba ya yi mana wuya a Damagaram. Da buroshi mai laushi da siririn ɓallin tagulla nake bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba a goge harshe don ya yi ƙyalli. Duk abin da ka kankare daga jikinsa ka sauya muryarsa: in ka rage daga kai ta hau, in ka rage daga gindi ta sauka. Baƙin da shekaru suka sa masa a bar masa abinsa. Biyar na tarar sun karye, duka a jerin Bourdon mai kaurin murya.

Na gwada lafiyayyun da manhajar awon murya ta waya, kuma duka suna ƙasa kaɗan da na piyanon lantarki, daidai wa daida. Ba lalacewa ba ce. A 1859 gwamnatin Faransa ta kafa doka cewa muryar La ta tsakiya, wadda ake daidaita sauran muryoyi da ita, ta zama kaɗawa 435 a daƙiƙa, kuma a kan wannan aka daidaita ta. Awon 440 da kayan yau ke bi sai a taron London na 1939 aka amince da shi. Samarin mawaƙa sun ce to a ɗaga ta ta daidaita da nasu. Wato in kankare kan harsuna 244, abin da ba ya mayuwa, don gudun danna maɓalli ɗaya a piyanonsu wanda zai saukar da shi zuwa 435. Na nuna musu maɓallin. Jita ma ana sassauta mata tsirkiya. Magana ta mutu.

26 Afrilu

An so a ji ta ranar Ista, 20 ga wata, na ce ba za ta samu ba, kuma ban yi gaggawa ba. Sai cikin makon nan na mayar da allon harsuna, da sabon ulu a ƙarƙashin marufan da madannai ke ɗagawa, na ja Flûte da Cor anglais, na taka. Ta yi magana. Murya ce mai ɗumi, mai ɗan hanci, ta cika shagon har masu wucewa a kan babur suna waiwaye. Na bi waƙar da Inna ta rera, da yatsa ɗaya, na aika mata a waya ta hannun jikarta.

Sai sabuwar muhawara ta taso a zaman dattawa. Wasu na so a sa mata injin hura iska na lantarki a huta da taku, a kuma shafe ta da sabon fenti mai sheƙi. Fenti dai na ce a'a, man goge katako ya isa, tabon da ke jikinta ba datti ba ne. Injin kuwa na roƙa a zo shago a gani da ido. Majayin nan Expression, in ka ja shi, yana rufe rumbun iska gaba ɗaya, iska ta tafi kai tsaye daga ƙafarka zuwa harsuna. Ka taka a hankali ta yi raɗa, ka danna ta ɗaga murya, a tsakiyar kalma ɗaya ta waƙa. Ko babbar orga mai bututu ba ta iya wannan ta hanyar iska, don bututu in ka ƙara masa iska muryarsa hawa take, harshen tagulla kuwa ƙarfi kawai yake ƙarawa. Saboda wannan aka ƙirƙiri armoniyom tun farko, kuma inji zai kashe shi. Ga kuma zafin bazara da ya wuce digiri 40, lokacin da wuta ta fi ɗaukewa: ranar da piyanon lantarki ya yi shiru a tsakiyar sujada, wannan ba ruwanta. Wani dattijo ya zauna ya taka da kansa, ya ce, "Yaro, bar ta da ƙafafunta."

14 Yuni

Harsuna biyar da suka karye su suka tsayar da ni. Tagullar da maƙeranmu ke zubawa ta yi taushi, in ta lanƙwashe ba ta dawowa. Ana buƙatar wadda aka daka ta yi tauri tana tsalle. Wani maƙerin fari a kasuwa ya karɓi karyayyen guda ya ce zai gwada da tagullar da ya ciro daga tsohon injin ruwa, yana dakawa a sanyi ba tare da ya sa ta a wuta ba, don wuta ce ke sa ta laushi. Biyu daga cikin nasa sun yi magana. Muryarsu ta ɗan fi ta maƙwabtansu kaushi, kuma na yi musu alama a gindi don a san na Zinder ne. Sauran ukun yana kai.

Sallar layya ta wuce, fatu sun yi yawa a majema. Na sa baduku ya zaɓar mana wasu a jeme a ajiye, da ganyen bedi a tsakaninsu saboda ƙwari, don gyaran gaba.

19 Yuli

Ruwa ya sauka sosai, kuma katako ya amsa. Tsagun da na cike sun matse ba su fashe ba, rumbun na riƙe iska fiye da yadda yake a bazara. Madannai shida sun fara nauyin tasowa saboda kumburi. Ban fere su ba, don in na fere yanzu, hunturu na zuwa za su yi ta kaɗawa. Na goga bakin fensir a ƙusoshinsu, huɗu sun saki, biyu na nan sai na sake dubawa.

Ba za ta koma majami'a ba sai an gama mata mazauni: dakalin siminti mai tsayin taki ɗaya, nesa da bango da taga, ƙafafunta a kan faranti na ƙarfe yadda za a ga hanyar gara da zarar ta fara gini, da rigar atamfa mai kauri saboda ƙura, da ragar waya a bayan matakai saboda kusu. Magini ya ce sai ruwa ya ɗan tsagaita. Bututun garwa an tada su an wanke, suna jiran fenti. Jikar Inna, wadda ke koyon ɗinki, ta fara zuwa bayan la'asar tana koyon taku. Hannunta bai san madannai ba tukuna, amma ƙafarta ba ta yanke iska. Jerin Bourdon zai zauna a rufe har maƙeri ya kawo sauran ukun, sannan in bi duka 244 in daidaita waɗanda suka kauce, da sassafe kafin zafi ya taɓa tagullar.